Tsohuwar Hilux Mai Dizal: Garambawul Ko Rabuwa?

Mai tsohuwar a-kori-kura a Kebbi ba ya rasa masu ba shi shawara. Ranar da motar ta fara ƙin tashi da safe sai an tura, ko ta fara neman cikon baƙin mai tun lokacin juye bai yi ba, direba zai ce, "Alhaji, motar nan ta gaji, a sake wata." Bakanike zai ce, "Haba Alhaji, irin wannan injin ai ba ya mutuwa, a kawo mu sauke shi." Dillali kuwa kafin la'asar ya samo mai saye, ya kuma samo wata "sabuwar shigowa" da za ta maye gurbinta. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai kowa ta inda abincinsa yake ya hango maganar. Direba ya gaji da kwana a hanya, bakanike yana son aiki, dillali yana jiran la'ada ta fuska biyu. Mai motar ne kaɗai zai biya, ko wace hanya aka bi.

Akwai wata ƙa'ida da masu ba da shawarar mota a Turai da Amurka ke yawan maimaitawa, har ta fara yawo a wayoyinmu: idan kuɗin gyara ya kai rabin darajar mota, a sayar a sayi wata. An gina wannan lissafi ne a inda awa guda ta bakanike ke da ɗan karen tsada, banki kuma ke ba da bashin sabuwar mota da ruwa kaɗan. A nan abin a juye yake. Ladan aiki shi ne ƙaramin kaso a kuɗin gyara, kayan gyara ne ke cin aljihu domin da dala ake shigo da su. Dalar nan kuwa, wadda take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin a saki naira a watan Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024, kuma da irin wannan farashin kwastam ke lissafa kuɗin fito. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, balle abin da bankin kasuwa zai ɗora wa manomi. Sabuwar Hilux dal ta koma ta gwamnati da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Hanyar da aka saba samun sauƙi ma ta ƙuntata, domin tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. 'Yar Kwatanon da dillali zai ce ta biyo ta Kamba ko Tsamiya, sai an yi wa takardunta kallon tsanaki.

Don haka idan aka ce wa matsakaicin mai mota a Jega ko Bunza "sake wata", abin da ake nufi shi ne ya ba da tsohuwar da ya san ciwonta, ya cika miliyoyi, ya karɓi wata tsohuwar da bai san tarihinta ba. Wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da ma'auni wajen gyara tun ba a buɗe bonet ba. Duk da haka akwai motar da ko nawa aka zuba mata asara ce, kuma gane ta ba wuya in an san inda za a duba.

Yawancinmu daga inda ƙara ke fitowa muke farawa, wato inji. Ni a ganina daga ƙasa ya kamata a fara. A wanke ƙarƙashin motar tas, a hau da ita kan rami, a shiga da tocila a bi shasi tun daga gaba har baya. Inji da giya da bak-aksul da sitiyari duk da noti aka ɗaure su, ana kwance su a ɗaura wasu. Shasi kuwa shi ne motar, lambar da ke cikin takardu ma a jikinsa aka buga ta.

A nan muna da wata sa'a. Ba a zuba gishiri a titunanmu kamar yadda ake yi a ƙasashen ƙanƙara, shi ya sa motar da ta tsufa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu sau da yawa ƙarfenta ya fi na wadda aka sauke daga Jamus jiya lafiya. Amma mu ma muna da namu gishirin. Takin yuriya da ke zuba daga yagaggen buhu yana haɗuwa da taɓon fadama da ya cushe cikin ramukan shasi, ya zauna da danshinsa wata da watanni yana cin ƙarfe daga ciki. Haka ruwan kifi ke yi wa motocin da ke ɗauko kaya daga Yauri. Wanda ya fi su duka ɓarna shi ne lodi. An ƙera Hilux ne don nauyin da bai wuce tan ɗaya ba ko kusa da haka, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, har da direba a lissafin. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Suru ko Augie lokacin girbi ya san nawa ake loda mata. Don kada ta zauna sai a ƙara mata ganyen sifirin, kuma da zarar sifirin ya daina lanƙwasawa, duk dukan da ya kamata ya shanye a gargada sai ya koma kan shasi. Tsagar takan fara ne a bayan gidan direba da kuma inda sifirin ke rataye.

Tsaga ɗaya da aka kama da wuri, mai walda da ya san aikinsa zai ɗinke ta ya ƙarfafa wurin da faranti, a ci gaba da aiki. Amma idan walda ce kan walda, ko an buga guduma ƙarfe yana zubowa ɓawo-ɓawo, ko motar na tafiya a karkace tana cinye taya ta gefe ɗaya duk saitin da aka yi mata, to maganar garambawul ta ƙare. Sabon inji a kan irin wannan shasi ƙara mata ƙarfin karya kanta kawai zai yi, wataƙila da mutane a baya.

In shasi ya tsallake, sai a hau sama. Injin dizal ba ya ɓoye ciwonsa, a salansa yake faɗa. Baƙin hayaƙi mai ne ya fi iska yawa, kuma sau da yawa filtar iska ce ta toshe da ƙurar hunturu, ko nozul ya daina fesawa ya koma tsiyaya, ko turbo ya yi sanyi. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya kai a sauke inji. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko dai daga ringi ko daga turbo. Farin hayaƙi da sanyin safiya wanda ke ɗaukewa in inji ya ɗumama, a duba hita, wato filogin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da inji. Wanda ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ga kumfa na tasowa in an buɗe murfin, wannan gasket ne ya ƙone ko tof-silinda ya tsage. Akwai gwajin da mai mota zai yi da kansa: a bar inji yana aiki a tsaye, a kwance murfin zuba baƙin mai a ɗora shi sakwa-sakwa a bakin. In ya zauna yana ɗan rawa, da sauran ƙarfi. In hucin da ke fitowa yana ture shi, matsin da ya kamata ya tura fiston yana tserewa ta gefen ringi. Wannan alama ce kawai, tabbaci sai an sa ma'aunin matsi a kowace silinda, kuma bakaniken da zai yanke hukuncin sauke inji ba tare da ya auna ba, a nemi ra'ayin wani.

A nan ne tambayar da ta fi shekarun mota muhimmanci take shigowa, wato wane inji ne a ciki. Tsofaffin injinan Toyota na dangin L, irin su 2L da 3L da 5L, da 1HZ na Land Cruiser, da 4D56 na farko-farko a Mitsubishi L200, injekta ce ta ƙarfe zalla ke raba musu mai. Ba su da gudu, a hawa da lodi sai an yi haƙuri da su, amma kowane gari mai gareji yana da wanda ya san cikinsu, kayansu kuma suna nan a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas. Daga wajen 2005 Hilux ta yaɗu da 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, waɗanda ake rubuta wa D-4D a jiki, sannan daga 2015 aka kawo 1GD da 2GD. Waɗannan kwamfuta ce ke buɗe nozul ɗinsu, man kuma yana shiga da matsin da ya haura bar dubu, ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, amma ruwa kaɗan ko ƙura a cikin dizal ya isa ya lalata nozul huɗu da famfo a lokaci guda, kuma kuɗin waɗannan kaɗai yakan kai na garambawul ɗin tsohon inji sukutum. Wanda aikinsa ke cikin ƙauyukan da ake sayen mai a jarka, ya yi wannan tunani sau biyu kafin ya ba da 5L ɗinsa don kwaɗayin D-4D.

Sai kuma sinadarin sulfa da ke cikin dizal. Turai ta taƙaita shi a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Nijeriya kuwa ta daɗe tana karɓar dizal mai har 3,000, kafin ƙasashen ECOWAS su amince da 50 a 2020. An samu ci gaba, amma abin da ke tankin ɗan bumburutu ba ya bin takarda. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Turai a shekarun baya-bayan nan suna da matatar toka a salansa wadda ke toshewa da irin wannan mai da kuma tafiyar hawainiya a gona. In ta toshe sai kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi, a tafi neman mai na'urar karanta laifi a Sakkwato ko Kano.

Garambawul ɗin ma ba duka ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asara sau biyu. Abin da wasu ke kira garambawul sauya ringi da metal ne kawai a mayar da murfi. Na gaskiya sai an auna silinda an ga ko tana bukatar sabon silif, an kai karanshaf wurin masu goge shi, an gwada tof-silinda ko ya lanƙwashe, an kai injekta da nozul an saita, an sauya taimin bel da famfon ruwa da famfon baƙin mai, an kuma ɗaure notin kai da sifana mai auna ƙarfi maimakon ƙiyasin hannu. Jabun ringi da gasket sun cika kasuwa cikin kwali mai kama da na asali, araha kuwa ba ta ado. Sannan dole a gano abin da ya kashe injin tun farko. Al'adar cire tamostat da cika lagireto da ruwan rijiya ta kashe injina da dama a ƙasar nan, musamman injin Toyota 1KZ da tof-silindarsa ta yi suna wajen tsagewa in ya yi zafi. A 1KD kuma wasar tagulla da ke ƙarƙashin nozul in ta fara yoyo, toka takan gangara ta toshe rariyar da ke zuƙo baƙin mai, inji ya buga ba gargaɗi. Wanda ya kutsa ruwa a fadama har inji ya zuƙa, kamar yadda aka sha gani a ambaliyar 2020, konrod ne, wato sandar da ke haɗa fiston da karanshaf, ke lanƙwashewa, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ba a magance musabbabin ba, sabon aikin ma hanyar da na da ya bi zai bi.

Ɗaura injin Baljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, ya fi sauri, wani lokaci ma ya fi arha, sai dai caca ce. Ba a san kilomita nawa ya yi ba, kuma 'yan kwanakin gwaji da mai kaya ke bayarwa ba sa isa a gane mai shan baƙin mai. Ɗaura shi yana da kyau ne in bulok ya fashe ko karanshaf ya wuce gugar ƙarshe. In an yi haka a riƙe rasit mai ɗauke da lambar injin, a kuma gyara takardu, don gudun doguwar magana a shingen bincike.

Duk wannan lissafin ƙarfe ne. Akwai lissafin kwanaki, wanda shi ne ba a cika rubutawa ba. Motar da ta kwanta mako biyu a tsakiyar damina, lokacin da hanyoyin fadama suka cika da ruwa, ba ta ci wa mai ita komai ba sai kuɗin gyara. In a watan Afrilu ko Mayu ta kwanta, shinkafar rani na kan masussuka, masu saye na jigila zuwa injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi, to kowace rana kuɗin hayar wata motar ne da kuma cinikin da ya wuce. Albasar Aliero da ɗanyen kifin Yauri ba sa jiran bakanike. Akwai kuma abin da ba a sa masa farashi. Lalacewar mota da yamma a hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi ɓacin rai ne, amma a wasu hanyoyin Danko-Wasagu da Sakaba, ko yankunan iyaka da Lakurawa suka addaba, maganar rai ce. Mai motar da ke tura ɗan wani irin waɗannan wurare bai kamata ya auna motarsa da ma'aunin wanda ke kai taki bayan gari ba. Ga wannan, tsohuwar mota mai yawan ba-zata ta gama aikinta a wannan hanyar ko da shasinta garau yake, sai dai a mayar da ita jigilar kusa.

Shi ya sa littafin mota yake da amfani, ko da na makaranta ne mai shafi arba'in. A raba abin da aka kashe a shekara gida biyu. Taya da batir da birki da kulochi da juye, kowace mota za ta ci su, sabuwa ko tsohuwa, don haka ba hujjar sayarwa ba ne. Abin dubawa shi ne sau nawa ta tsaya a hanya ba shiri, kuma ciwo ɗaya ne ke dawowa ko kullum sabon wuri ne. Ciwo ɗaya mai dawowa yawanci laifin gyara ne, sai a sauya bakanike. In yau giya, gobe waya ta ƙone, jibi sitiyari, to motar ce ke tsufa gaba ɗaya. Kada kuma a ce "na riga na kashe mata da yawa, ba zan sayar ba". Kuɗin da aka kashe ya tafi. Abin da ya rage daga gare shi shi ne sanin cewa giyar da ke ciki bara aka ɗaura ta, wanda mai saye ba zai biya ka kuɗinsa ba, kai kuwa yana da daraja a wurinka.

Wanda lissafinsa ya kai shi ga saye, sai ya buɗe ido. Mayar da mita baya ya zama ruwan dare. Ana ɗaukar Hilux ta 2008 a sauya mata fitilu da bamba da fenti ta fito da fuskar ta shekaran jiya, alhali ƙarƙashinta na nan da shekarunsa. Alamar da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera takan nuna shekarar ƙira, kuma masu kwalliyar ba su cika tunawa da ita ba. Akwai waɗanda aka shigo da su da sitiyari a dama daga ƙasashen da ke tuƙi ta hagu, aka mayar da shi ɗaya gefen a gareji, tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta dama a 1972. Irin wannan aiki in ba a yi shi da kyau ba, a sitiyari da birki yake nunawa, wuraren da ba a son ba-zata. Gwanjon ma'aikatu da ƙungiyoyi yakan fi tabbas ta fuskar takardu, amma motar da direbobi goma suka yi wa hawan ƙawara ba ta san mai ita ba. Duk gwajin da aka lissafa a sama, na rami da na hayaƙi da na murfi, a yi wa wadda za a saya, da injinta a sanyaye, da bakaniken mai saye, ba na dillali ba.

Wasu kan ce a koma ta fetur mai injin lita 2.7, wadda ta fi yawa a ƙasar nan tun zamanin da fetur ke da tallafi dizal ba shi da shi. Gyaranta ya fi sauƙi, ita ce kuma ake iya mayarwa kan iskar gas ta CNG ba tare da wahala ba, in akwai inda za a sha a kusa. Amma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 tazarar farashin ta ragu ƙwarai, sai a yi lissafi da lita. A ƙaddara mai dizal na shan lita 10 a kilomita 100 da lodi, mai fetur na shan 14, ana kuma yin kilomita 30,000 a shekara. Wannan lita 3,000 ke nan da 4,200. Kowa ya buga da farashin gidan man garinsu na yau, ya sa nasa ainihin alƙaluman a madadin waɗannan. Wanda kuma ya san ba zai taɓa loda ƙasa da buhu ashirin ba, ba wata Hilux yake bukata ba, motar kaya ƙirar Kanta yake bukata. Mai jigilar wata uku a shekara kuwa, wataƙila haya ta fi masa riƙe mota da direba na wata goma sha biyu.

In an yanke shawarar sayarwa, a sayar tana tafiya da ƙafarta. Tsakanin motar da mai saye ya tayar ya zagaya da ita da wadda aka jawo da igiya akwai tazarar kuɗi mai yawa, ta biyun 'yan kayan gyara da 'yan gwangwan ne ke yi mata farashi. A kuma faɗi aibinta, domin a fiƙihun Malikiyya da muke bi mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa, kuma a gari irin Jega labarin shasin da aka shafe da baƙin fenti ba ya kwana. In kuwa garambawul za a yi, a tsara shi a Yuli ko Agusta, a sayi kayan da hannu ko a tura amintacce Kano, a karɓi tsofaffin da aka cire a gani da ido. Sabon ringi yana bukatar tafiyar sannu ba lodi mai nauyi na ɗan lokaci da juyen wuri kafin ya zauna, don haka a bar wa injin makonni kafin girbin damina ya kama a Oktoba.